Bolgar na Bakin Kogin Volga: Kufai da Garin da Ya Gaji Sunansa

Wani mai karatu ya ce ya ga hoton wani farin masallaci mai hasumiya biyu, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa a Bolgar yake, cikin ƙasar Tatar ta Rasha, kuma wai a wurin ne Musulunci ya kafu tun kafin Rashawa su karɓi Kiristanci. Yana so ya san inda garin yake, yadda ƙasarsa take, ko yana da dangantaka da Bulgeriya, da kuma gaskiyar abin da aka rubuta.

Malam mai tambaya, abin da aka rubuta gaskiya ne, amma kafin a shiga bayani sai an raba abubuwa biyu da suna ɗaya ya haɗe. Akwai tsohon birnin Bulgar, wanda ya yi tashe tsakanin ƙarni na 10 da na 14, ya zama kufai a ƙarni na 15. Akwai kuma ƙaramin garin da ake kira Bolgar a yau, hedkwatar gundumar Spas a Jamhuriyar Tatarstan, wanda ƙidayar shekarar 2010 ta samu mutum 8,650 a cikinsa. Wannan na biyu ba daga na farkon ya tsiro ba. Daga wani wuri aka ɗauko shi aka dasa a gefen kufan a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma bai karɓi sunan Bolgar ba sai a 1991. Duk wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai ruɗe idan aka gaya masa cewa mafi yawan mazauna wannan gari, da Tatar ke ɗauka a matsayin tushensu, Rashawa ne.

Garin yana gabar gabas ta kogin Volga, kimanin kilomita 140 kudu da Kazan, babban birnin Tatarstan, ko da yake mai tafiya a mota zai ci fiye da haka saboda dole hanya ta zagaya ta haye kogin Kama. Volga, wanda Tatar ke kira Idel, Larabawan da kuma suke rubuta shi Itil, shi ne kogi mafi tsawo a Turai, ya haura kilomita 3,500 kafin ya zuba a Tekun Kaspiyan. Kama kuwa daga wajen duwatsun Ural yake gangarowa, ya haɗu da Volga kimanin kilomita 30 arewa da kufan. Duk tarihin wurin a kan wannan mahaɗa ya ratayu. Wanda ya zauna a ƙasa da ita kaɗan yana ganin jirgin da ya fito daga dazuzzukan gabas ta Kama, yana ganin wanda ya fito daga ƙasashen Rus da Baltik ta saman Volga, kuma babu mai gangarawa kudu zuwa kasuwannin Musulmi sai ta gabansa. Yawanci gabar gabas ta Volga fadama ce da ruwa ke malalewa a kanta, amma a nan akwai tudu mai tsayin kimanin mita 30 bisa kogin, da kwazazzabai masu zurfi da suka yanka gefensa, don haka mutanen farko suka samu wurin da ambaliya ba ta kai wa, maharan doki kuma ba sa afka masa cikin sauƙi.

Ƙasar da ke bayan tudun ita ce iyaka tsakanin dajin arewa da filin ciyawa na kudu, baƙar ƙasa mai albarka wadda ake noma alkama da dangoginta a cikinta tun zamanin Bulgar har yau. Sanyi kuwa ba irin na hunturunmu ba ne. A watan Janairu ma'aunin zafi kan tsaya wajen digiri 12 ƙasa da sifili a matsakaici, kogin yana daskarewa tun ƙarshen shekara har zuwa Afrilu, a watan Yuli kuma zafi kan kai wajen digiri 20.

Abin da ya fi sanyin ɗaure wa baƙi kai shi ne tsawon yini. Bolgar yana kusa da digiri 55 arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano tana kan digiri 12. A ƙarshen Yuni yini ya fi awa 17, a ƙarshen Disamba kuma da kyar yake wuce awa 7. A tsakiyar bazara rana ba ta nutsewa ƙasa da sararin gani fiye da digiri 11 da rabi, don haka hasken faɗuwarta bai gama gushewa ba sai na fitowarta ya kama. Idan aka bi lissafin digiri 18 da masu tsara jadawalin salla da yawa ke amfani da shi, to tun daga farkon Mayu har farkon Agusta shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Daga nan ne wata mas'ala ta shiga littattafan fiƙihun Hanafiyya da sunan mutanen Bulgar: shin sallar isha'i tana kan mutumin da lokacinta bai shigo masa ba? Malamai sun rabu biyu ƙarni bayan ƙarni, wasu suka ce ta faɗi kamar yadda wanke hannu a alwala ke faɗuwa ga wanda ba shi da hannun, wasu suka ce salloli biyar ne a kowane yini kuma sai a ƙiyasta lokacin. Babban malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1889, ya wallafa littafi sukutum a 1870 yana kare wajibcinta ko da shafaƙin bai ɓace ba. A ganina wannan ita ce babbar hanyar da sunan garin ya rayu a duniyar Musulmi bayan ganuwarsa ta rushe.

Batun Bulgeriya kuwa, dangantaka akwai ta, amma ta kakanni ce mai nisa. Bulgar na asali makiyaya ne masu magana da wani reshe na harsunan Turkawa, waɗanda suka kafa daula a arewacin Baƙin Teku a ƙarni na 7 ƙarƙashin sarki Kubrat. Bayan mutuwarsa Khazar suka matsa musu, suka watse. Ɗansa Asparuh ya ja wani ɓangare zuwa kogin Danube, inda suka kafa mulki a 681, daga baya suka narke cikin Silabawa suka zama Kirista, sunan kawai ya saura. Wasu kuma suka yi arewa sannu a hankali har suka zauna a mahaɗar Volga da Kama, suna biyan Khazar haraji.

Wannan haraji ne ya kawo Bagadaza cikin labarin. Sarkinsu Almish ya riga ya musulunta, kuma Musulunci ya iso musu ta hannun fataken Buhara da Huwarizm, amma yana ƙarƙashin sarkin Khazar mai bin addinin Yahudu, wanda ke karɓar fatar dabba guda daga kowane gida, yana kuma riƙe da ɗan Almish a matsayin jingina. Sai ya aika wa Halifa Muƙtadir cewa yana neman masu karantar da addini, da wanda zai gina masa masallaci da mumbari, da kuɗin gina ganuwa. Tawagar ta bar Bagadaza a watan Yuni na 921, ta bi ta Buhara, ta yi hunturu a Huwarizm, ta isa wurin sarkin ranar 12 ga Mayu, 922, daidai da 12 ga Muharram na shekarar 310 bayan Hijira. Magatakardanta Ahmad bn Fadlan ya rubuta abin da ya gani, kuma rahotonsa shi ne shaida mafi daraja da muke da ita. Rashawa sun karɓi Kiristanci a 988, wato shekara 66 bayan haka, don haka rubutun da ke ƙarƙashin hoton bai yi ƙarya ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu a rahoton da masu yawon buɗe ido ba su cika jin su ba. Na farko, Ibn Fadlan bai tarar da birnin dutse ba. A cikin tantuna ya sami sarkin, kusa da wasu tafkuna uku, da tazara kaɗan daga kogin inda ake cin kasuwa, kuma har yau akwai ƙauye a gundumar Spas da sunansa ke nufin Tafki Uku. Na biyu, tafiyar ba ta yi daɗin ƙarshe ba, domin dinari 4,000 da wasiƙar Halifa ta ambata ba su zo tare da tawagar ba. Sarkin ya fusata, kuma fushinsa ya fito ta wata hanya da mai bin mazhabar Malikiyya zai gane nan take. Ladaninsa yana maimaita kalmomin iƙama sau bibbiyu, yadda Hanafawan Buhara ke yi, sai Ibn Fadlan ya sa aka mayar da su sau ɗaiɗai kamar yadda ake yi a fadar Halifa. Da sarkin ya tabbata kuɗi ba za su fito ba, sai ya umarci ladanin ya koma ga bibbiyunsa. Har yau Tatar Hanafawa ne. Wannan ladani dai shi ne ya gaya wa baƙon cewa ya yi wata guda bai kwanta da dare ba don tsoron kada asuba ta kuɓuce masa, domin mutum kan ɗora tukunya da magariba, a kira asuba ba ta nuna ba.

Arzikin Bulgar fatauci ne. Daga arewa ana kawo fatun dabbobin daji masu laushin gashi, da zuma, da kakinta, da bayi, daga kudu kuma azurfa ke hawowa. Dirhamomin Samaniyawa da aka buga a Samarƙand da Shash sun bi ta wannan kasuwa da yawan gaske, shi ya sa har yau ake tono su a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin. Sarakunan Bulgar su ma sun buga nasu dirhamin a ƙarni na 10. Jemammiyar fatarsu ta yi sunan da har aka riƙa kiran irin wannan fata bulgari a kasuwannin Farisa da Asiya ta Tsakiya. A ƙarni na 12 fadar mulki ta koma Bilar, can cikin ƙasa nesa da kogi, inda jiragen sarakunan Rus ba sa kaiwa, Bulgar ya zauna a matsayin tashar ciniki.

A 1236 rundunar Mongol ƙarƙashin Batu, jikan Cangiz Khan, ta cinye ƙasar. Bilar bai sake tashi ba, amma Bulgar ya farfaɗo da sauri, ya zama ɗaya daga mazaunan farko na sarakunan daular da daga baya aka sani da Rundunar Zinariya, kuma a nan aka fara buga kuɗinta. Marko Polo ya ambaci cewa mahaifinsa da baffansa sun je wurin sarki Barka, wanda ke zama a Bulgar da Sarai. Ga abin da ya kamata mai tambaya ya lura da shi: duk ginin dutsen da ke tsaye a kufan yau, daga harsashin masallacin Juma'a zuwa Ƙaramar Hasumiya, da hubbarorin gabas da arewa, da makabartar sarakuna, da ginin nan mai kubba da ake kira Baƙin Zaure, da kangayen gidajen wanka masu bututun ɗumama daɓe, na ƙarni na 13 ne da na 14. Ba na zamanin Almish ba ne. Birnin ya kai ƙarshen girmansa a zamanin Uzbek Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, kuma ganuwar ƙasa da gwalalon da suka kewaye shi sun wuce kilomita biyar da rabi, suna tattare da fili na kimanin kadada 380.

Ibn Batuta ya ce shi ma ya je Bulgar cikin watan azumi don ya ga gajeren daren da idonsa, ya kwana uku ya dawo. Shi ne dai matafiyin da ya sauka Takadda a 1353 ya ba da labarin jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Masana da yawa ba su yarda ya taka Bulgar ba, domin ya ce kwana goma ya yi daga zangon Uzbek Khan da ke gindin duwatsun Kafkas, tazarar da ta haura kilomita dubu, kuma bayaninsa ya yi kama da abin da marubutan da suka gabace shi suka riga suka faɗa. Ni ma ina tare da masu shakkar.

Faɗuwar birnin ba ta zo rana ɗaya ba. Daular ta rikice da yaƙin gadon sarauta bayan 1359, Bulat Timur ya kama garin a 1361, 'yan fashin jiragen ruwa na Nobgorod suka yi ta kai masa hari, daga ƙarshe rundunar Mosko ƙarƙashin Fiyodor Pestri ta ragargaza shi a 1431. Kogin da ya kawo masa dukiya shi ya riƙa kawo masa mahara. Ciniki da mulki suka koma Kazan, wadda ita ma Iban na Huɗu ya cinye a 1552.

Bayan haka Rashawa manoma suka kafa ƙauye a cikin ganuwar, sufayen Kirista suka mayar da hubbaren gabas ɗakin ibada, kuma tsakanin 1732 da 1734 aka gina coci dab da kangon masallacin Juma'a, aka yi amfani da duwatsun kufan har da na kaburbura. Sarki Bitrus Babba ya tsaya a wurin a 1722 kan hanyarsa ta yaƙin Farisa, ya ba da umarnin a gyara gindin Babbar Hasumiya a kuma kwafe rubuce-rubucen kaburbura, ciki har da na Armeniyawan da suka zauna a birnin. Kwafin ya yi amfani ƙwarai, domin duwatsu da dama sun salwanta daga baya. Sarauniya Katarina ta Biyu ta zo a 1767. Hasumiyar dai ta faɗi a 1841 bayan masu neman dukiyar da aka binne sun rarake ƙarƙashinta.

Waɗannan duwatsun kabari su ne tushen wata gardama da ba ta mutu ba. An rubuta su da haruffan Larabci, amma kalmomin gida da ke cikinsu iri biyu ne: wasu na harshen da ya yi kama da na Tatar na yanzu, wasu kuma na wani harshe da babu mai kama da shi a yau sai na Cubash, maƙwabtan Tatar da yawancinsu Kirista ne. Saboda haka Cubash na cewa su ne magadan harshen Bulgar, Tatar na cewa su ne magadan addininsu da ƙasarsu, kuma kowannensu yana da hujja. A cikin Tatar ɗin ma an daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu jingina asalinsu ga Bulgar da masu jingina shi ga Rundunar Zinariya.

Duk tsawon waɗannan ƙarnoni Musulmin yankin ba su daina ziyartar kufan ba. Akwai labarin da ya bazu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiko sahabbai uku zuwa Bulgar, suka warkar da 'yar sarki, sarkin ya musulunta, ɗayansu ya aure ta ya zauna, kuma akwai rijiya a gindin tudun da ake kira da sunansa, Abdurrahman. Marjani da kansa ya yi watsi da littafin da ya yaɗa wannan labari, kuma babu wani abu a littattafan tarihin sahabbai da ke goyon bayansa. Amma labarin ya riƙe mutane da wurin a zamanin da ba su da sarki nasu, har wasu talakawa da ba su da halin zuwa Makka suka riƙa kiran ziyarar ƙaramin haji, lafazin da malamai ba su amince da shi ba.

Yanzu sai garin na biyu. Asalinsa Spask ne, wani ƙauyen Rashawa a bakin ƙaramin kogin Bezdna da aka ɗaga zuwa matsayin gari a 1781. A cikin gundumarsa ne aka yi boren Bezdna na Afrilun 1861, lokacin da manoma suka taru wajen wani mai suna Anton Petrob, wanda ya karanta musu dokar 'yanta manoma ya ce ta ba su ƙasar iyayengijinsu, soja suka buɗe wuta suka kashe gommai, shi kuma aka yanke masa hukuncin kisa. A 1926 aka ƙara wa garin laƙabin "na Tatar", a 1935 aka sauya masa suna zuwa Kuibishef don tunawa da wani jigon gwamnatin Sobiyet da ya mutu a shekarar. Sai aka gina babbar madatsar ruwa ta Zhiguli can ƙasa a kan Volga, tafkinta ya cika tsakanin 1955 da 1957, ya rufe kimanin murabba'in kilomita 6,450, wanda babu tafkin madatsa mai faɗinsa a Turai. Shi ma tafkin Kuibishef ake ce masa, daga sunan da birnin Samara ke ɗauke da shi a lokacin. Spask yana kwari, don haka aka kwashe mutanensa zuwa kan tudu kusa da ƙauyen da ke cikin kufan. Ruwan ya sauya fuskar tsohon birnin ma, domin fadamar da ke gindinsa da ƙoramar da ke bi ta wurin sun nutse, abin da mai ziyara ke gani a gabansa yanzu tafki ne mai faɗi, ba kogin da fataken da suka sani ba.

Haƙar kayan tarihi ta tsari ta fara a 1938 ƙarƙashin Aleksei Smirnob, aka mayar da wurin gidan tarihi mai kariya a 1969. A 1989, daidai da 1410 bayan Hijira, Tatar suka yi gagarumin taron cika shekara 1,100 da zuwan tawagar Bagadaza bisa lissafin wata, aka sake yin wani a 2022 bisa lissafin rana, kuma kowace shekara ana taruwa a wurin a farkon bazara. An sake gina Babbar Hasumiya a 2000. Daga 2010 wata gidauniya ƙarƙashin Mintimer Shaimiyef, shugaban Tatarstan na farko, ta zuba kuɗi a Bolgar da tsibirin Sibiyazhsk na Kirista a lokaci guda. Farin masallacin da ka gani a hoto daga wannan aiki ya fito, an buɗe shi a 2012, don haka kada farin dutsensa ya sa ka zaci tsohon gini ne. A shekarar aka buɗe wani gini mai kubba da ke ɗauke da Alƙur'ani bugun Italiya mai nauyin kilo 800, a 2017 kuma aka buɗe babbar makarantar nazarin addinin Musulunci a gefen masallacin. Hukumar UNESCO ta sa kufan cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, bayan masu ba ta shawara sun nuna damuwa kan yawan sababbin gine-gine da gyare-gyaren da aka yi a wurin. Damuwar tana da tushe. Mai son ganin abin da ya rage na hakika sai ya bar wajen tashar jirgin ruwa ya taka zuwa Ƙaramar Hasumiya da Baƙin Zaure, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu tun ƙarni na 14.

Shi garin kansa yana rayuwa ne da aikin ofisoshin gunduma, da noma, da baƙin da jiragen ruwa ke saukewa daga Kazan a watannin da tafkin bai daskare ba. Tsohon Spask kuma bai nutse duka ba, wani yankinsa ya saura a matsayin tsibiri a cikin tafkin, ana kiransa Tsohon Gari, kuma da kwale-kwale ake zuwa wurin.